Wa Zai Girba? Karma da Sarƙar Sabubba a Koyarwar Buda

Masu yi wa addinin Buda kallon nesa sukan ɗauka cewa, a koyarwar karma, duk abin da ya sami mutum sakayyar aikinsa ce ta wata rayuwa da ta shuɗe. Nassoshin harshen Pali ba su goyi bayan haka ba. A kundin Samyutta Nikaya, da wani mai yawon zuhudu, Sivaka, ya kawo wa Gotama, wato Buda, wannan ra'ayi, sai Gotama ya lissafa masa wasu sabubban ciwo: matsarmama, majina, iska, sauyin yanayi, sakaci, farmakin wani. Karma ɗaya ce kawai a cikinsu. Ya kuma jingina ta ga niyya, saɓanin mabiya addinin Jain, da ke ganin ta a matsayin abu mai jiki da ke manne wa rai.

A ganina, ba nan gizo ke saƙa ba. Gotama ya musanta samuwar rai mai dawwama. To, idan babu shi, wa ya shuka, wa kuma zai girba? Amsar da ya bayar ita ce sarƙar sabubba mai gaɓa 12, wadda ta taso daga jahilci, ta ratsa ta ji da kwaɗayi da riƙo, ta kai ga haihuwa, tsufa da mutuwa. Kowace gaɓa tana samuwa ne saboda wata, tana kuma gushewa da gushewarta. Shi ya sa da almajiri Sati ya ce sani guda ne ke ƙaura daga rayuwa zuwa rayuwa, Gotama ya tsawata masa a gaban 'yan'uwansa. Daga baya, a littafin Milindapanha, malami Nagasena ya yi wa Sarki Milinda misali da fitilar da aka kunna daga wata: wuta ta kama, alhali babu abin da ya ƙaura.

Misalin ya yi armashi, sai dai bai kashe bakin tsanya ba. Ya bayyana yadda sakamako ke bin sababi, amma bai nuna dalilin da wanda bai tuna laifi ba zai cancanci ɗaukar nauyinsa. Mabiya Buda da kansu sun ji wannan giɓi. Mazhabar Pudgalavada ta ce akwai "mutum" da ke ɗauke da alhaki, wanda ba shi ne sassan jiki da tunani ba, ba kuma dabam yake da su ba. Sauran mazhabobi sun yi mata ca, har malami Vasubandu ya rubuta mata raddi na musamman. Duk da haka, sa'ad da matafiyin Sin Shuwanzang ya zaga Indiya a ƙarni na 7, ya tarar da reshenta na Sammitiya cikin mazhabobi mafi yawan almajirai.