Zakin da ke Bayan Gingimari

A Ojoo da ke Ibadan na girma, inda babbar hanyar Legas, wadda aka buɗe a 1978, take haɗuwa da hanyar Oyo mai miƙewa Ilori har Arewa. Motocin albasa, tumatir da tattasai masu sauke kaya a kasuwar Sasa a nan suke kwana, kuma a jikinsu na fara sanin mene ne zane.

Lokacin da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, jirgin ƙasa ne ke kai huhunan goro Kano. Bayan yaƙin duniya na biyu mota ta fara ƙwace masa lodi. Bedford kan zo da kai da ƙashin ƙarfe kawai, kafinta ya ɗora mata bodin katako, kuma katako dole a yi masa fenti don kada damina ta cinye shi. Daga nan sana'ar ta tsiro. Tunda za a shafa, me zai hana a ƙawata? Da Marsandi 911 ta shigo, ƙyauren bayanta ya zama allo mai faɗi.

Akwai wani dattijo a bayan tasha da nake zama kusa da shi. Gwangwanin madara ne mazubin fentinsa, ba ya auna komai, amma zai ja layi ja daga goshin mota har wutsiya hannunsa bai karkace ba. Direba kan ce, "Baba, a yi mini zaki, amma kada ya yi fushi da yawa." Sai ya yi zaki mai nutsuwa, idonsa a kan duk wanda ke biye da motar. Wani Alhajin kuwa ba ya son surar mai rai, sai a yi masa hasumiyar masallaci, bishiyar dabino da furanni. Dawisu da mikiya na samarin direbobi ne. A goshi a rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya". Tun daga Jebba 'yan kamasho ke gane mota da zanenta kafin su ga lambarta.

Ni a wurina wannan fasaha ce cikakkiya, ba kwalliya kawai ba. A Amurka, gidan adana zane na Laguna ya shirya baje koli a 1993 don masu ƙawata motoci irin su Von Dutch da Ed Roth. A 2002 an kai mai fentin motoci Haider Ali daga Pakistan zuwa Washington, ya zana Bedford a gaban jama'a. Namu ba su ko sa hannu a aikinsu, kuma idan bodi ya tsufa, mai tuyar ƙosai ce ke sayen katakon.

Yanzu bodin ƙarfe ya yi yawa, ana liƙa hoton da kwamfuta ta buga. Ina roƙon gidan tarihi na Ibadan ya sayi ko da ƙyaure ɗaya daga tsoffin motocin da suka rage a Ojoo, ya kuma nemo sunan wanda ya zana shi tun masu saninsa na raye.