Tabar Katsina da Masu Sanin Ganye

A tsibirin Kuba, manyan mashaya ba sa kunna naɗin Habana sai sun juya shi a hannu, sun duba santsin ganyen waje, sun shinshina, sannan idan wuta ta kama su lura da yadda toka ke tsayawa. Ganyen da suka fi girmamawa shi ne na yankin Vuelta Abajo, kuma da hannu ake naɗe shi. Ƙasar Hausa ma ta yi irin waɗannan masana, sai dai tarihinsu bai samu marubuta ba.

Taba daga nahiyar Amurka ta fito, amma ba ta daɗe ba ta zama 'yar gida a Afirka ta Yamma. Tun a 1607 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu yana halatta ta, daga baya Muhammad al-Wali na Bagirmi ya yi nasa yana haramtawa. Malamai na muhawara, manoma na shukawa.

A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tsaya a Katsina yana shirin tafiya Timbuktu. Cikin guzurinsa har da tabar Katsina, domin ya ce ana darajanta ta har can, garin da tabar Maroko ke shiga kasuwarsa. Ganyen Bahaushe yana gogayya da na Larabawa a wata uwa duniya; wannan ba ƙaramin yabo ba ne ga manomin da ya san lokacin tsinka da yadda ake shanya. Har bayan shekaru ɗari, mai bincike Polly Hill ta tarar manoman Batagarawa na noma taba suna fataucinta.

Mai saye kuwa ba a yi masa rufa-rufa. Zai murza ganye ya ji ko ya bushe daidai, ya duba launi, ya ɗanɗana kaifi. Wani a lofe zai sha, wani a daka masa da kanwa ya zuba a batta. Mata nasu furen ne: a goga a haƙori tare da goro, baki ya yi ja. Goron kuma a da daga Gwanja yake zuwa, ta hanyar da ta sa Jega ta zama babbar kasuwa a ƙarni na 19, ƙarƙashin Gwandu.

Zuwan sigari ya sauya komai. A 1959 aka buɗe masana'antar Nigerian Tobacco Company a Zariya, manomi ya koma yi wa kamfani noma, mashayi ya daina tambayar gonar da ganye ya fito, sai sunan da ke jikin kwali. Ba na kewar hayaƙin. Tarin da ya kwantar da dattawanmu ya isa shaida, kuma dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta zo a kan gaɓa. Abin da ke damuna shi ne tsofaffin da suka san wannan noma da fatauci, a Katsina da Maradi da ƙauyukan Jega, suna ƙarewa ba a ɗauki bayaninsu ba.