Kwana Biyu a Ikko: Ka Bar Tarihi Ya Tsara Maka Tafiyar



Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, hirar hutu ta sauya a ofisoshinmu. Masu lissafin Dubai da Alƙahira a da, yanzu tambayarsu ita ce ina mutum zai kai iyalinsa kwana biyu a cikin ƙasar nan, ya dawo aiki ran Litinin bai ci bashi ba. In ka ce Legas sai a kwashe da dariya, wai wa zai je hutu garin cunkoso da hayaniya. Ban ga laifinsu ba. Yawancinmu ma'aikata Legas ɗin da muka sani ita ce filin jirgi, ɗakin taro, otal, sai kuma filin jirgi. Amma ni a ganina kwana biyu sun isa mutum ya ga garin nan gani na sosai, muddin ya san yadda aka yi garin ya zama haka. Tarihin Legas shi ne taswirarta, kuma a cikin tarihin nan akwai namu da yawa.

Mu fara da ruwa, don shi ne zai yanke maka inda za ka sauka. Asalin garin ɗan tsibiri ne tsakanin tafki da teku. Masu garin suna ce masa Eko, mu muka mai da shi Ikko, Turawan Fotugal kuma suka sa masa Lagos, wato tafkuna a harshensu. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa tsibirin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka mai da Akitoye kan sarauta. A watan Agustan 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa garin ga Ingila. Daga nan duk wani abu na mulki da kasuwanci sai ya taru a tsibirin, jama'a kuma suka yi ta yaɗuwa a tsallaken ruwa. Har gobe gadoji uku ne ke haɗa tsibirin Legas da babban tudu: gadar Carter wadda aka fara ginawa a 1901, gadar Eko ta 1975, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da Janar Babangida ya buɗe a 1990. Kullum da safe jama'a na kwarara zuwa tsibiri, da yamma su kwararo baya. Cunkoson da ake ba da labari ke nan.

Saboda haka dokar farko ita ce ka kwana a ɓangaren da za ka yini. Daga Kano jirgi kamar awa ɗaya da rabi ne, daga Abuja kamar awa ɗaya. Mota kuwa ka cire ta daga lissafi, don tafiyar kusan kilomita dubu daga Kano ita kaɗai za ta cinye hutun. In ka sauka Ikeja ran Juma'a da yamma, hanyar shiga tsibiri ta fi sauƙi, tunda kowa fitowa yake yi kai kana shiga. Masauki a Ikoyi da Victoria Island akwai tsada. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi Yaba ko Surulere, gada ɗaya ce tsakaninsa da tsibirin. Ka guji Yuni da Yuli in da hali, lokacin ruwan sama ne mai yawa kuma tituna na cika da ruwa. Disamba ma farashin komai tashi yake yi.

Asabar ta tsibiri ce, kuma a ƙafa ake yin ta. Ka fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Akwai kayan Nok da na Binin da na Ife, amma na san inda ɗan Arewa zai fi daɗewa a tsaye: gaban baƙar Marsandin Janar Murtala Muhammed, da ramukan harsashi a jikinta. Ran 3 ga Fabrairun 1976 ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas zuwa Abuja, kuma matsatsi da cunkoson garin na cikin dalilan da aka bayar. Bayan kwana goma, ran Juma'a 13 ga wata, aka harbe shi a cikin wannan cunkoson a Ikoyi, yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan. Ƙaurar ba ta tabbata ba sai 12 ga Disamban 1991. Duk wanda yake karɓar albashi a Abuja yau, ya kamata ya ga motar nan ko sau ɗaya.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa dandalin Tafawa Balewa. Filin sukuwa ne a zamanin Turawa. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a daren 1 ga Oktoban 1960, kuma a nan Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Sa Abubakar Tafawa Balewa takardun mulkin kai. Malamin makaranta daga Bauchi ne ya karɓi ƙasar a madadin kowa, a bakin teku, kuma a garin nan sojoji suka ɗauke shi daga gidansa ran 15 ga Janairun 1966. Yaranmu na haddace waɗannan ranaku don jarrabawa. Tsayawa a wurin daban ne, wallahi.

Ka bi titin Broad zuwa Freedom Park. Tsohon kurkukun Turawa ne, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mai da shi wurin shaƙatawa a 2010. Nan ne wurin hutawa da cin abincin rana kafin ka shiga cikin tsohon gari. Gaba kaɗan sai dandalin Tinubu, mai sunan Madam Efunroye Tinubu, hamshaƙiyar 'yar kasuwar ƙarni na 19. Kusa da shi babban masallacin Legas yake, wanda aka buɗe ginin yanzu a 1988. In ka kutsa ta wajen kasuwar Balogun zuwa titin Martins, za ka tarar da masallacin Shitta-Bey. Attajiri Muhammad Shitta ne ya gina shi, aka buɗe a 1894. Gwamna Carter ya halarta, Sarkin Santambul Abdulhamid na Biyu kuma ya aiko da wakili, Baturen Ingilan nan da ya musulunta Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Ku lura da shekarar, saura shekara tara Turawa su ci Kano da Sakkwato.

Fasalin masallacin na Birazil ne, kuma akwai dalili. Cikin bayin da aka kwasa zuwa Bahia akwai Musulmi Yarabawa da Hausawa, waɗanda suka yi ta tayar wa iyayen gijinsu ƙayar baya tun daga 1807 har zuwa babban boren 1835. Bayan haka da yawa suka dawo gaɓar Afirka ta Yamma, wasu suka zauna Legas da sana'ar gini da kafinta. Su ake kira Aguda, kuma gidajensu ne suka ba tsohon garin kamanninsa. Ɗaya daga cikin mafi shahara, Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, tun 1956 yake cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, amma duk da haka aka wayi gari a watan Satumban 2016 an rushe shi. Shi ya sa nake cewa kada a yi ta ɗaga tafiyar nan. Filin Legas ya fi tarihin da ke kansa tsada a idon masu kuɗi, abin da ka bari bana ba lalle ka same shi baɗi ba.

Duk zagayen nan daga Onikan zuwa Martins bai wuce kamar kilomita uku ba. Ka sa takalmi mai sauƙi, ka riƙe wayarka da kyau a Balogun kamar yadda za ka yi a Kantin Kwari, kuma kada ka dogara da acaɓa, don tun Yunin 2022 aka hana su aiki a tsibirin da wasu ƙananan hukumomi.

Da yamma sai Obalende, wurin tsire. Amma kafin ka zauna gaban mai nama, ka san a ina kake. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa, akasarinsu bayin da suka gudo, ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya daga wannan shekara take ƙirga shekarunta. Su ne aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Abin da ake faɗa a Legas shi ne tsofaffin sojojin nan da iyalansu aka tayar daga mazauninsu aka kawo nan, kuma sunan Obalende da Yarabanci yana nufin sarki ne ya koro mu nan. Ba tarihin alfahari zalla ba ne, tunda da irin wannan runduna Bature ya ci ƙasashe da dama, har da tamu. Sai dai yana nuna cewa Bahaushe ya fi shekara 160 a tsakiyar Legas. A kan hanyarka ta Ikoyi kuma za ka hangi tsohuwar sakatariyar tarayya, dogayen benaye da suka zama kango tun bayan ƙaura zuwa Abuja. Mu ma'aikata in mun gan ta jikinmu sanyi yake yi, don a nan magabatanmu suka yi aiki.

To teku fa? Yara ba za su yafe ba in ba su gan ta ba. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari, inda aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970, babu ita yanzu. An cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic, a gefen titin Ahmadu Bello. Yawancin bakin ruwan da ya rage ta wajen Lekki na 'yan kasuwa ne, sai ka biya za ka shiga. Akwai kuma Tarkwa Bay da ake zuwa a kwalekwale, amma kada kowa ya hau ba rigar ruwa. Igiyar tekun Legas tana da ƙarfi ƙwarai, wanda ya koyi iyo a kududdufi ya tsaya a gaɓa. Safiyar Lahadi ce ta fi dacewa, lokacin tituna sun yi sauƙi. In yaran sun fi son daji, akwai gandun Lekki da aka kafa a 1990, mai birai da gadar igiya ta sama mai tsawon mita 401. Ɗaya za ka zaɓa, teku ko gandu. Badagry kuwa, mai gidan bene na 1845 da wuraren tsare bayi, ka bar ta sai wata tafiyar. Yini guda take ci, kuma wanda ya haɗa ta da sauran, a mota zai ƙare hutunsa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Daga nan ka ɗauki kayanka ka tsallaka gada tun da rana, ka nufi Agege, wadda ba ta da nisa da filin jirgi. Layin dogo ya tashi daga Legas ya kai Ibadan a 1901, zuwa 1912 jirgi na zuwa har Kano. Shi ya sauya tsohon fataucin goro, wanda a da ake yi da jakuna zuwa Gwanja wata da watanni. Agege na da gonakin goro ga kuma tasha, sai fatake suka kafa zango, shanu na sauka goro na hawa. Har yau akwai Sarkin Hausawan Agege, akwai mayankar Oko-Oba, akwai gidajen da kakanninsu a nan aka haife su, suna Yarabanci kamar Hausa. Unguwar Alausa ma, inda fadar gwamnatin jihar take, ana danganta sunanta da Hausawan da suka zauna wurin. Sabon jirgin cikin gari na jan layi da aka ƙaddamar a 2024 yana bin wannan tsohuwar hanya, daga Oyingbo ta Yaba da Ikeja da Agege. Da katin Cowry ake hawa, amma ka duba jadawalinsa tukuna, na ƙarshen mako ba ɗaya yake da na ranakun aiki ba.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. An yi rikici an rasa rayuka a Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Mile 12 a 2016. Duk lokacin zaɓe kuma sai gardamar waye ɗan gari waye baƙo ta taso a kafafen nan, kowa na zagin kowa. Legas ƙasar Yarabawa ce, wannan ba abin musu ba ne, kuma baƙo na gari yana girmama masu gida. Amma gari ne da aka yi shekara 77 ana mulkin Najeriya daga cikinsa, daga haɗewar 1914 zuwa 1991, kuma tumatir da albasa da naman da yake ci kullum daga gonaki da garkunanmu suke zuwa. Yaron da aka nuna wa motar Murtala da dandalin Tafawa Balewa da zangon Agege, da wuya wani ya zo daga baya ya gaya masa cewa ba abin da ya haɗa shi da mutanen Kudu. Shi ma ɗan Legas da ya san labarin Obalende zai yi tunani kafin ya kira maƙwabcinsa baƙon jiya.

A taƙaice dai: Juma'a da yamma ka sauka ka kwana kusa da tsibiri. Asabar tsohon gari a ƙafa, dare a Obalende. Lahadi da sassafe teku ko gandu, da rana Agege, ka sayi burodinsu tsaraba, ka isa filin jirgi da sauran lokaci a hannu. Ka kira gidan tarihin ka tabbatar da lokacin buɗewarsu kafin ka sayi tikiti. 'Yan'uwa mazauna Legas, ku da kuka fi mu sanin lungunan, ku ƙara mana da wuraren da ya kamata a kai yara. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.