Ajin Bida da Gidan Gwamnatin Minna

Akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba a zaɓen gwamnan Neja na 2015. Manyan 'yan takarar biyu, Abubakar Sani Bello na APC da Umar Nasko na PDP, duk 'ya'yan tsofaffin gwamnonin soja ne. Mahaifin ɗaya ya riƙe Kano, na ɗayan, Gado Nasko, ya riƙe Sakkwato. Kuma iyayen nan biyu ajinsu ɗaya a sakandaren Bida, tare da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa. A 1962 suka fito.

Bari mu bi gidan wanda ya ci.

Mahaifin Abubakar, Sani Bello, ɗan Kontagora ne, haifaffen 1942. Yana ƙaramin hafsa aka naɗa shi dogarin Janar Aguiyi-Ironsi. Ranar 29 ga Yulin 1966 yana tare da maigidansa a Ibadan sojoji suka yi wa masaukinsu ƙawanya. Aka tafi da Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi, ba su dawo ba. Shi kuwa dogarin yana da sauran shan ruwa. Bayan shekara tara Murtala ya tura shi Kano ya gaji Audu Bako, wanda har gobe Kanawa ke auna gwamnoni da shi. Ya zauna daga 1975 zuwa 1978. Daga baya ya yi jakadanci a Zimbabwe, sannan ya tsunduma kasuwanci: MTN, da kamfanin Mainstream mai kula da wutar Kainji da Jebba.

Ɗan nasa, wanda Neja ta fi sani da Lolo, an haife shi a 1967. Ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Maiduguri, ya yi kwamishinan ciniki a gwamnatin Mu'azu Babangida Aliyu. Ya auri Dakta Amina, 'yar Janar Abdulsalami, abokin ajin mahaifinsa. To, ranar da aka rantsar da shi a Minna, 29 ga Mayun 2015, babbar alƙaliyar jihar ita ce Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, wato surukarsa. Uba tsohon gwamna, suruki tsohon shugaban ƙasa, suruka shugabar alƙalai. Ni dai ban san wani gwamnan Arewa da ya shiga ofis da irin wannan rumfa a kansa ba.

Amma 'yan bindiga ba su tambayi asalin kowa ba. A zamanin Lolo aka kwashe ɗaliban Kagara a Fabrairun 2021, watanni kaɗan bayan haka aka kwashe yaran Islamiyyar Tegina, kuma mutanen ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro da wannan suke tuna shekarun.

A 2023 ya miƙa wa Umaru Bago mulki, ya wuce Majalisar Dattawa wakilin Neja ta Arewa, mazaɓar da Kontagora ke ciki.