Jitar Gwangwani da Jitar Miliyoyi: Abin da Tarihin Kiɗan Abzinawa Ya Nuna

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin matasa masu koyon kiɗa: shin jita mai tsada ta fi mai araha daɗin sauti da sauƙin kaɗawa? Wasu sun rantse cewa kuɗi ke magana, wasu kuma sun ce hannu ne gwani. Tarihin maƙwabtanmu Abzinawan Mali da Nijar ya tanadi amsa mai gamsarwa, domin a wajensu jita ta shigo ne ta ƙofar talauci da gudun hijira.

A shekarar 1963 aka yi tawayen Abzinawa na farko a yankin Kidal na arewacin Mali. Cikin waɗanda sojoji suka kashe akwai mahaifin wani yaro mai suna Ibrahim Ag Alhabib. Yaron ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya, kuma jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da hannunsa, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Wajejen 1979, a garin Tamanrasset, ya haɗu da abokai suka kafa ƙungiyar da daga baya aka sani da Tinariwen. A shekarun 1980 sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, tare da ɗimbin samarin da fari da rashin aiki suka koro daga gida. Ana kiran waɗannan samari ishumar, kalmar da ta samo asali daga sunan marar aikin yi a Faransanci.

Ba su da ɗakin ɗaukar sauti a lokacin. Rikoda ce kawai da kaset. Wanda ya kawo kaset sai a cika masa, shi kuma ya kwafa wa wani, har waƙoƙin suka ratsa hamada daga Libiya zuwa Agadas da Kidal. Sautin akwai ƙura da shaƙewa, amma jama'a sun riƙe shi hannu bibbiyu saboda yana faɗar abin da ke ransu: kewar gida, fari, da zaman baƙunta. Lokacin da tawaye ya sake ɓarkewa a 1990, waɗannan kasusuwan sun riga sun zama jaridar mutanen da ba su da jarida. A 2012 Tinariwen suka ci kyautar Grammy da faifansu Tassili.

A Nijar ma haka labarin yake. Mdou Moctar, ɗan asalin jihar Tawa, iyayensa ba su yarda da kiɗa ba, sai ya sassaƙa katako ya ɗaure masa wayoyin keke ya koya a ɓoye. A 2008 ya sauko Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da irin gyaran muryar da aka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya saka ɗaya a tarin waƙoƙin da ya fitar a 2011. Yau Mdou, wanda bahago ne, yana kaɗa Fender Stratocaster a manyan dandamalin Turai da Amurka.

To, in hannu ne komai, me ya sa waɗannan gwanaye suka koma ga jita masu tsada da suka samu hali? Domin kuɗi na sayen abubuwa na zahiri. Katakon da ya bushe sosai ba ya saurin lanƙwashewa da zafi. Kunnuwan ɗaure tsirkiya masu kyau suna riƙe sauti, ba sai an yi ta gyara a tsakiyar wasa ba. Tsirkiyar da ta kwanta kusa da wuyan jita ba ta cin yatsu. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki, in mai kyau ne, yana rage ƙugi. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai tazarar ta ragu ƙwarai tun da kamfanin Fender ya fara fitar da samfurin Squier mai rangwame a Japan a 1982, masana'antun Asiya kuma suka ƙware. Jita mai araha da aka saita da kyau tana isar mai koyo, har da mai wasan biki.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya zaga duniya. Saboda haka yaron da ke zaune yana jiran ranar da zai tara kuɗin Fender kafin ya fara, ya sani cewa Ibrahim da Mdou ba su jira ba. Da abin da ke hannu suka fara, jita mai tsada kuma ta same su ne bayan sun riga sun iya.