Daga Hauren Giwa Zuwa Tsinken Haske: Tarihin Ɗigon Saitin Bindigar Maharba

A 'yan shekarun nan ana ganin wasu bindigogin farauta da wani ɗan tsinke kore ko ja a bakinsu, yana ƙyalli kamar garwashi alhali babu batir a jikinsa. Dattawan maharba na cewa kayan wasan yara ne, karo ɗaya da reshe ya isa ya karya shi. Matasa kuwa na cewa da shi suke ganin saiti a lokacin da ido ke gazawa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma gardamar ta girmi tsinken da shekaru masu yawa.

Bindigar da kakanninmu suka sani ita ce adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Danmak, domin suna cikin masu sayar da ita a gaɓar tekun nan, daga ganuwarsu ta Christiansborg da ke Osu a Ankara, har suka sayar wa Ingila wurarensu a 1850. Sarakunan Asante sun daɗe suna hana bindiga da albarushi wucewa arewa, shi ya sa baka da kibiya suka jima a hannun maharbanmu. Adaka doguwa ce, cikin bututunta sumul, ana ɗura mata albarushi da gutsattsarin ƙarfe ko dalma. Abin da ke bakinta na saiti bai wuce ɗan ƙullutun ƙarfe ba. Gwanintar maharbi a lokacin tana cikin sanɗa: ya matso kusa da dabba har ta yadda kuskure zai yi wuya.

Da aka sami bindigogi masu kai harsashi nesa, sai wata matsala ta fito fili. Gada da barewa sun fi fita da sassafe da kuma dab da magariba, lokacin da baƙin ƙarfe ke sajewa da jikin dabba da duhun ganye. Maƙeran bindiga a Amurka, irin su gidan Lyman da aka kafa a 1878 a jihar Connecticut, suka riƙa dasa ɗan ɗigon hauren giwa, ko na zinariya ko tagulla, a kan saitin gaba. Haure ya fi kowa fita a cikin duhun daji, amma yana tsagewa, yana faɗuwa, kuma man bindiga na mayar da shi rawaya. Tagulla ba ta karyewa, sai dai tana dushewa, idan rana ta buge ta ta gefe ɗaya kuma sai ta ja idon mai harbi ya kauce. Ciniki na haure tsakanin ƙasashe ma an haramta shi a 1989.

Asalin tsinken haske ba daga maƙera ya fito ba. Malam Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shigo ido daga waje. A 1854 Baturen nan John Tyndall ya nuna wa jama'a a Landan cewa haske na iya bin ruwan da ke tsiyaya ya lanƙwasa tare da shi, saboda yana bugun bangon ruwan daga ciki yana komawa ciki. A kan wannan ƙa'ida aka gina zaren gilashin da ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku, aikin da ya sa Charles Kao ya sami kyautar Nobel a 2009. Masu harbin baka na zamani ne suka fara rungumar irin wannan zare a saitinsu, sannan a shekarun 1990 kamfanoni irin su TruGlo da HiViz suka yaɗa shi ga bindigogi.

Wanda ke kan bindiga roba ce mai rini, kaurinta kamar milimita 1 zuwa 1.5. Jikinta duka yana shan hasken sararin sama, ya tara shi, ya fitar da shi ta ƙarshen da ke fuskantar idon maharbi. Iya tsawon tsinken da buɗewarsa, iya ƙarfin ƙyallinsa. A nan ne kuma rauninsa yake, domin abin da aka bari a buɗe don ya sha haske shi ne reshe ke samu. Kore ya fi fita da asuba, saboda idon ɗan Adam ya fi kama wannan launi. Ga wanda ya haura arba'in, idonsa ya fara gaza ganin na kusa, wannan ɗigo taimako ne na gaske, kuma dabbar da aka sama daidai ba za ta tsere da rauni ta je ta mutu a banza ba.

Iyakarsa kuwa a bayyane take. Ba ya haifar da haske, tarawa kawai yake yi, don haka a baƙin dare matacce ne. Mai ƙyalli da kansa shi ne na sinadarin tritium, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin kimanin shekara 12, ga tsada. Da tsakar rana tsinken kan yi haske har ya rufe ƙaramar dabba idan tana nesa. Ranar ƙasarmu tana kashe masa launi a hankali, ƙurar hunturu tana dusashe shi, wasu magungunan wanke bindiga kuma suna sa shi ya yi gautsi.

A ganina dattawa sun yi masa hukunci da ma'aunin da ba nasa ba. Adakar da suke yabo tana tashi ne da ƙanƙara, dutsen da ke ƙyasta wuta, kuma wannan dutse yana cinyewa bayan 'yan gomiyoyin harbi. Daga garin Brandon na Ingila aka riƙa sassaƙo shi ana kawowa Afirka ta Yamma har cikin ƙarni na 20. Babu maharbin da ya yar da adaka don ƙanƙararta ta ƙare. Yana da wata a cikin jaka. Tsinken haske ma haka yake. Abin dubawa wajen saye shi ne gidan da aka zaunar da shi: idan na ƙarfe ne mai gadoji da ke rungume da tsinken, ko ya karye ƙarfen yana nan a matsayin saiti, a ƙarasa farauta da shi. Na roba zalla mai maƙalewa da maganaɗisu shi ne ke ɓacewa a cikin ciyawa. Sauyawa ba ta da wuya: a sauke harsashi, a zare tsohon, a zura sabo, a yanke, a kusanto da wutar ashana ga ƙarshensa biyu har su kumbura su riƙe.

A nan Gana an rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara. Wannan ne lokacin da mai lasisi zai duba tsinkensa, ya ajiye na sauyi biyu ko uku a inda rana ba ta kaiwa.