Ƙarar Inji Da Sakin Fuli: Yadda John Hall Ya Yi Maganin Karkarwa A Harpers Ferry



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin markaɗe ko na niƙa ya san ba kowace ƙara ce ƙarar aiki ba. Akwai rugugin da inji ke yi yana cikin ƙoshin lafiya, akwai kuma wani ƙwas-ƙwas da mai inji zai ji gabansa ya faɗi, don ya san aljihunsa ne zai yi kuka. A nan Amurka, akwai mutanen da ke ajiye ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe a garejin gida don sha'awa kawai, kuma kukansu ɗaya ne da na mai markaɗe a Fagge: sandar da ke juya wuƙar injin, wato shaf, ta fara ƙara, shin boris ne ya ci, ko fuli ne bai zauna daidai ba?

To, wannan tambaya ta yi shekara 200 a duniya, kuma wani babban ɓangare na amsarta ya fito ne daga wani ƙaramin gari mai nisan kilomita kamar 100 daga nan birnin Washington.

Amma bari mu fara da wanda ya kwashe yabon. A shekarar 1798 gwamnatin Amurka ta ba Eli Whitney kwangilar ƙera bindigogi 10,000. A watan Janairun 1801 ya zo Washington, ya tsaya gaban shugaba John Adams da Thomas Jefferson, ya riƙa cire kunamar bindiga yana sa wata, don ya nuna cewa kayansa duk girmansu ɗaya, kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa. Manya suka yi ta mamaki. Sai dai bai kammala kwangilar ba sai 1809. Kuma a shekarun 1960, lokacin da Edwin Battison na cibiyar Smithsonian ya kwance bindigogin Whitney ya duba, sai ya tarar an goge sassan cikinsu da magagari ne da hannu, har da alamomin da ke nuna wane yanki ne na wace bindiga. Wato dai abin da aka nuna wa shugabanni shiri ne.

Wanda ya yi aikin na gaskiya sunansa John Hall, mutumin Portland ta jihar Maine, an haife shi a 1781. A 1819 ma'aikatar yaƙi ta ba shi kwangilar bindigogi 1,000, ta tura shi maƙerar gwamnati da ke Harpers Ferry, inda kogin Shenandoah ya haɗu da Potomac. Maƙeran garin ba su yi maraba da shi ba. Mutane ne da suka gaji aikin hannu, suna alfahari da idonsu da magagarinsu, ga kuma baƙo ya zo yana cewa inji zai yi abin da suke yi, har yaro ma zai iya kula da shi.

Ka tuna, mai sauraro, a wancan zamani babu wutar lantarki a masana'anta. Ruwan kogi ne ke juya babbar ƙafa, ita kuma ta juya dogayen sanduna, daga nan bel na fata ya ɗauki ƙarfin ya kai wa kowane inji ta kan fuli. Idan fuli ɗaya ya fi nauyi a gefe guda, duk zagayen da zai yi sai ya fizgi shaf, shaf ya girgiza wuƙa, wuƙa ta bar wa ƙarfe zane kamar na wanda hannunsa ke rawa. Kuma lissafin ba shi da tausayi: idan ka ninka gudun fuli sau biyu, fizgar ba sau biyu za ta ƙaru ba, sau huɗu ne. Shi ya sa injin da ke shiru a hankali yake zama kamar zai tashi sama idan an ƙara masa wuta.

Hall ya gane cewa kaifin wuƙa ba zai yi amfani ba muddin inji na karkarwa. Sai ya gina injunansa a kan jibga-jibgan ƙafafu na ƙarfen zubi, masu nauyin da girgiza ba ta iya motsa su. Fuli kuwa, sai ya riƙa daidaita nauyinsa, yana ƙara dalma a gefen da bai kai ba, har ya riƙa juyawa lami lafiya. Wannan dabara ce dai kake gani yau idan mai gyaran taya ya maƙala 'yar dalma a bakin rim ɗin mota. Sannan ya ƙera ma'aunai 63, kashi uku: ɗaya a hannun ma'aikata, ɗaya a hannun masu duba aiki, ɗaya kuma a ajiye, ba a taɓa shi sai idan za a gwada sauran biyun. A ganina wannan na ukun shi ne ya fi komai hikima, domin shi ma ma'auni yana cinyewa, kuma idan ba ka da wanda za ka gwada shi da shi, za ka yi ta ɓarna kana rantsuwa daidai kake.

A ƙarshen 1826 gwamnati ta aika kwamiti ya gwada. Suka kwance bindigogi 100, suka cakuɗa sassansu, suka sake haɗawa, kowane yanki ya shiga ba tare da an sa masa magagari ba. Zuwa 1834, sassan da Simeon North ke ƙerawa a Middletown ta jihar Connecticut suna shiga bindigogin Harpers Ferry, alhali tsakaninsu tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Hall ya rasu a 1841, maƙerar kuma yaƙin basasa ya cinye ta a 1861.

Aikin ajiye ma'aunin da ba a taɓawa daga baya ya koma hannun hukuma. A 1901 aka kafa hukumar ma'aunai ta ƙasa a nan Washington, a shekarun 1960 ta koma Gaithersburg a jihar Maryland, tun 1988 kuma ake kiranta NIST. A 1959 ne Amurka da Ingila da wasu ƙasashe suka amince cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif.

To me wannan ya shafi mai inji a Ƙofar Ruwa ko Panteka? Ramin fuli da aka ƙera bisa ƙa'ida don shaf mai kaurin milimita 25, a ɗaya daga cikin matakan da aka fi amfani da su, ba a yarda ya wuce girmansa da fiye da milimita 0.021 ba. Gashin kanka ya ninka wannan kamar sau uku. Idan ramin ya buɗe fiye da haka, fuli zai riƙa bugun shaf a kowane zagaye, ɗan ƙarfen da ke kulle su ya fara cinyewa, ka ga wani jan gari kamar tsatsa yana fitowa daga tsakaninsu. Wannan garin ƙarfe ne da ke goguwa, kuma ɗaure noti ba zai dawo da shi ba.

Saboda haka kafin ka sayi sabon boris, cire bel ka kunna mota ita kaɗai ka saurara. Idan shiru, kashe wuta, ka juya shaf da hannu: boris da ya ci za ka ji shi kamar akwai yashi a ciki. Sannan ka kama fuli ka jijjiga shi, idan ya motsa shaf bai motsa ba, ka sami ɓarawonka. In kuma sabon fuli ya ƙi shiga, don Allah ajiye guduma. Kowane bugu yana sauka ne a kan ƙwallayen boris, su lotsa hanyarsu, ka tashi da ƙarar da a da babu ita. A ɗan ɗumama fulin ya buɗe, ko a kai wa mai injin sassaƙa ya auna ramin da shaf ɗin duka biyu kafin ya taɓa ko ɗaya.